Abin da katangar Cutteslowe ta koya min game da tsara gari

Lokacin da na je Oxford karatun tsara birane, makon farko wallahi yawo kawai na yi ina ɗaukar hoto. Duk inda ka juya sai tsohon gini na dutse mai launin zuma, ga hasumiyoyi, ga kekuna jingine a jikin kowace katanga, har na aika wa gida saƙo na ce ban taɓa ganin garin da aka tsara da kyau irin wannan ba. Da na fara neman ɗaki ne idona ya buɗe.

Ɗaki ɗaya fa, ba gida ba. Ɗaki a gidan da mutum biyar ke raba kicin da banɗaki, kuma kuɗin hayarsa ya cinye fiye da rabin alawus ɗina na wata, ranar da na je dubawa mu kusan goma muka yi layi a bakin ƙofa kowa yana addu'ar a zaɓe shi. A wajajen Cowley Road na samu, gabashin gari, inda ɗalibai da baƙi suka fi yawa. Daga baya a aji muka ga alƙaluman, shekara da shekaru Oxford tana sahun gaba a garuruwan Birtaniya da sayen gida ya fi wahala in aka auna da albashi, matsakaicin gida ya haura ninki 15 na abin da matsakaicin ma'aikaci ke samu a shekara, wasu shekarun ma ta sha gaban Landan. Garin da mutanensa ba su fi 160,000 da ɗoriya ba.

Malaminmu ya ba mu aiki, ya ce kowa ya zaɓi titi ɗaya ya taka shi da ƙafa daga tsakiyar gari har ƙarshe, ya rubuta duk inda ya ga abu ya canza. Ni na ɗauki Banbury Road na nufi arewa. Farkon tafiyar ita ce North Oxford, manya-manyan gidajen jan bulo na zamanin Sarauniya Victoria, bishiyoyi sun rufe titi, shiru kamar babu kowa, sai tsakuwa a farfajiya da mota mai tsada. Yawancin filin nan na kwalejin St John's ta jami'ar Oxford ne asali, ita ta yanka shi ta bayar aka gina a ƙarni na 19, kuma da aka sassauta wa malaman jami'a dokar hana aure wajajen 1877 sai masu iyali suka ƙaru a unguwar. Yau malamin jami'a da albashinsa kawai ba zai iya sayen gida a nan ba, wasu gidajen ma sun koma ofisoshi da masaukin ɗalibai. Na wuce Summertown da shagunanta, na ci gaba har Cutteslowe.

A nan ne na tsaya na daɗe. Akwai titi ɗaya miƙaƙƙe, sunansa Wentworth Road, kana cikin tafiya babu kwana babu mahaɗa sai kawai sunan ya koma Aldrich Road, lambobin gidaje ma su rikice, fasalin gidajen ya sauya. Daidai wurin ne katanga ta taɓa tsayawa. A 1934 wani kamfanin gidaje ya gina katangu biyu, tsayinsu ya haura mita 2 da ƙarafa masu tsini a sama, ya datse tituna biyu don kada mutanen gidajen gwamnati na ɗaya ɓangaren, waɗanda wasunsu an kwaso su ne daga unguwannin talakawa da aka rushe, su riƙa ratsawa ta gaban gidajen masu hali. Yaro zai je makaranta ko uwa za ta hau bas sai sun yi dogon zagaye. Majalisar gari ta rushe su a 1938, kotu ta ce ba ta da hurumi, aka tilasta mata ta sake ginawa. Sai a 1959 aka rushe su gaba ɗaya, shekara 25 kenan mutane suna kallon bulo a ƙarshen titinsu. Akwai ɗan shuɗin allo a jikin wani gida da ke tuna abin, na karanta shi na sake karantawa, raina ya ɓaci sosai.

Na dawo aji da fushina ina ganin ai wannan zaluncin mutanen da ne, ya wuce. Sai malamin ya shimfiɗa taswirar garin ya ce in nuna masa inda katangar take yanzu. Na yi shiru. Ya zagaya yatsa a kan koren zoben da ya kewaye Oxford, filin da doka ta hana gini a kai, wanda aka amince da shi a 1975. Ya nuna tsakiyar gari inda ƙa'ida ta taƙaita tsayin gini, cikin mita 1,200 daga hasumiyar Carfax ba a so gini ya wuce mita 18.2 don kada ya tare wa mutane ganin hasumiyoyi. Ya nuna kogin Thames da Cherwell da fadamar da ke gefensu, inda ambaliya ke rufe Botley Road da Abingdon Road in ruwa ya yi yawa. Gari ba zai faɗaɗa ba, ba zai yi sama ba, ga jami'o'i biyu da manyan asibitoci da kamfanonin bincike suna ta jawo mutane. To ina za su kwana?

Abin da ya fi damuna shi ne kowace ƙa'ida a cikinsu tana da hujja mai kyau, kuma ni kaina ina son abin da suka kare. Na sha zuwa Port Meadow da yamma in zauna ina kallon dawaki da shanu suna kiwo minti kaɗan daga tsakiyar gari, ba zan so a zuba masa siminti ba ko kaɗan. Da aka gina wa ɗalibai benaye a Castle Mill a gefen filin wajajen 2012 mutanen gari sun tayar da jijiyar wuya saboda sun tare ganin gari, kuma da na tsaya a wurin na gane abin da ya ƙona musu rai. Amma wanda ya riga ya mallaki gida shi ke cin moriyar kyan, darajar gidansa tana hawa yana barci, wanda bai da shi kuma shi ke biya, kuma ba ya zuwa taron jin ra'ayin jama'a saboda lokacin yana kan aiki ko yana cikin bas.

Akwai wata baiwar Allah da ke share ginin da muke karatu, na fi haɗuwa da ita in na yi sammako. Wata rana muna hira ta ce min a Oxford aka haife ta, iyayenta ma haka, mahaifinta a masana'antar mota ta Cowley ya yi aiki, wadda William Morris ya kafa a 1913 kuma har yau ake haɗa motar Mini a Cowley ɗin. Ita kuwa haya ta kore ta zuwa wani gari a gefe, kullum kafin gari ya waye tana bakin titi tana jiran bas. Ba ta faɗa da kuka ba, tana goge tebur take ba ni labari. Irinta suna da yawa, nas-nas da direbobi da masu dafa abincin kwalejoji, sun watsu Didcot da Bicester da Witney da Abingdon, shi ya sa manyan hanyoyin A34 da A40 ke cushewa safe da yamma. Garin ya yi suna da tsarin ajiye mota a bakin gari ka hau bas, tun 1973 aka fara a Redbridge, tsari ne mai kyau amma ba ya rage wa matar nan nisan gida.

Kudu maso gabas kuma akwai Blackbird Leys, rukunin gidajen gwamnati da aka fara ginawa ƙarshen shekarun 1950, yawanci don ma'aikatan masana'antar. Bayan titin zobe take, babban titin da ya kewaye gari, mai yawon buɗe ido ba ya kaiwa can, ɗalibai da yawa sukan gama digiri ba su taka ta ba, alhali wasu sassanta suna cikin mafi talauci a Ingila. Na je sau uku don aikin ajina, na tarar da mutanen da suka san maƙwabtansu da suna, abin da ban gani ba a titunan arewa masu shiru.

An ɗan fara motsi kam. An gina Barton Park a bayan titin zobe, gundumomin maƙwabta sun yarda su ɗauki wani kaso na gidajen da Oxford ta kasa samar wa wuri, gundumar Cherwell kaɗai ta karɓi 4,400 a wajajen Kidlington da Yarnton da Begbroke, a cikin koren zoben, kuma mutanen ƙauyukan sun yi ta adawa. Na fahimce su, amma ni dai ina ganin gara a gina.

A aikina na ƙarshe na zana sabuwar unguwa mai kyau da bishiyoyi da hanyar keke, na kai wa malamin ina jin daɗi. Ya duba ya ce, wanda zai share titunan nan nawa yake samu a wata, kuma wane gida ne nasa a cikin zanen? Babu. Na koma ɗaki na ɗauki albashin mai shara na lissafa hayar da zai iya biya, na cire manyan gidaje takwas daga zanen na sa benaye masu hawa huɗu kusa da tashar bas.