Ranar da na naɗa wa 'yan golf rawani

A watan Agustan 2012, ina shekarata ta biyu da fara fassarar labarai a wani gidan rediyo, aka miƙo mini wani guntun labarin wasanni da babu wanda ya damu da shi. Kulob ɗin golf na Augusta da ke jihar Jojiya a Amurka ya karɓi mata cikin mambobinsa, karo na farko a kusan shekara 80: Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen ƙasar, da wata attajira mai suna Darla Moore. Wanda ya rubuta labarin ya kira kulob ɗin "bastion" na maza. Na buɗe ƙamus, na ga an ce wani sashe ne na katangar tsaro, sai na rubuta "ganuwar maza", har ina jin na burge.

Editanmu dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Ya karanta, ya sauke tabarau.

"Kai ɗan nan, yabonsu kake yi ko zaginsu?"

Na ce, "Malam, abin da aka rubuta na fassara."

"A'a, abin da ƙamus ya faɗa ka fassara. Mai labarin nan haushin mutanen yake ji, kai kuma ka naɗa musu rawani."

Ya soke nawa, ya rubuta "wurin da maza suka kankane". Ran nan ban ci abincin rana da daɗi ba, amma tun daga lokacin nake bibiyar kalmar nan duk inda na gan ta.

Asalinta ba na Ingila ba ne. Turawan Ingila sun are ta daga Faransanci, su kuma Faransawa daga Italiya suka samo ta, daga wata kalma mai nufin gini. Dangi ɗaya suke da Bastille, kurkukun nan na Paris da jama'a suka afka wa a 1789. Shi kuwa ginin da ake kira bastion, igwa ce ta haife shi. Bayan da Sultan Muhammadu na Biyu ya ci Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, a 1453, sannan Sarkin Faransa Charles na Takwas ya ratsa Italiya da igwoginsa a 1494, kowa ya gane cewa doguwar katanga siririya ta zama tarihi. Sai maginan Italiya suka gajarta katanga, suka kaurara ta da ƙasa, kuma a kowace kusurwa suka fitar da wani ƙoƙon gini mai tsini kamar bakin mashi. Wannan tsinin shi ne bastion. Daga baya injiniyan Faransa Vauban ya kai fasahar maƙura. Wanda ya kalli sansanin da ya gina a birnin Lille daga sama zai ga tauraro mai tsini biyar.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Tsinin nan ba don ya kare kansa aka yi shi ba. Wanda ke kansa yana harbi ne a tsawon jikin katanga har zuwa gindin tsini na gaba, shi ma na can yana kare na nan. Kowa gadin maƙwabcinsa yake yi, ta yadda maharin da ya iso gindin bango ba shi da lungun fakewa. To idan haka ne, abin da marubutan Turanci suka fi son faɗa a yau, wato "last bastion", na ƙarshe da ya rage, a idon sojan wancan zamani gawa ce da ba a binne ba. Tsinin da maƙwabtansa suka faɗi ba shi da mai kare gindinsa, jira kawai yake.

Ina ganin marubutan sun san haka ko da ba su taɓa ganin ginin ba, domin da wuya ka ga sun kawo kalmar sai abu ya kama hanyar rushewa. A zaɓen Birtaniya na Disambar 2019, mazaɓun arewaci da tsakiyar Ingila da suka yi shekara da shekaru a hannun jam'iyyar Labour sun koma wa jam'iyyar Boris Johnson. Har mazaɓar Bolsover ta tafi, inda ɗan majalisar Labour Dennis Skinner ke riƙe da kujera tun 1970. Lokacin da kujerun ke zaune lafiya ba a cika damuwa da su ba. Da suka fara zubewa ne kalmomin katanga da sansani suka cika jaridu.

Sai kuma batun gefen da marubuci ya tsaya. In ya ce wata jarida ko wata kotu ita ce bastion ta 'yanci, to yana cikin gari ne, yana leƙen maƙiya daga kan badala. Nan "ganuwa" ko "garkuwa" ta dace, don a kunnen Bahaushe ganuwa abin alfahari ce. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina bai san ta da wani abu ba sai rufin asirin gari. In kuwa ya ce wuri kaza bastion ne na masu gata ko na tsohon tunani, to a waje yake tsaye, da igwarsa. Kalma ɗaya ce a Turanci, mu kuwa sai mun zaɓa. Ga 'yan tawaye da 'yan bindiga muna da "tunga", kamar yadda aka riƙa cewa tungar ƙarshe ta mayaƙan IS lokacin da Baghouz ta Siriya ta faɗi a Maris ɗin 2019. "Matattara" tana ɗauke da ƙyama, kamar inda ruwan kwata ke taruwa. "Cibiya" kuwa ba ruwanta, shi ya sa malalacin mai fassara ke son ta.

Wata 'yar uwarta ma ta samu gindin zama a Turancin Najeriya: da wuya a yi bikin yaye ɗalibai ba a kira jami'a "citadel of learning", wato sansanin ilimi, ba. Kullum sai na yi murmushi, don a Turai irin wannan sansanin sau da yawa ana gina shi ne a saman gari domin mai mulki ya tsare kansa har daga mutanen garin. Ban taɓa faɗa wa wani shugaban jami'a haka ba.

A watan Mayun 2024 labarin ya sake dawo mini, da sabuwar riga. Kulob ɗin Garrick na Landan, wanda aka kafa a 1831, ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da shigar mata. Yanzu ni ke duba aikin wasu. Wata yarinya sabuwar ɗauka ta kawo mini fassararta, na ga ta rubuta "ganuwar maza ta ƙarshe". Na sauke tabarau, na ce ta jawo kujera.