Daga Jidda, Kan Ƙanƙarar Da Kuke Ta Tambaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Ina nan lafiya, Alhamdu lillahi.

Kun dame ni da tambaya ɗaya: kai da kake Saudiyya, wace dusar ƙanƙara kake karantawa? Har Gwaggo ta aiko a ji ko gyaran injin ɗumama abinci na koma, don ta ji ana cewa maikirowef. Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ba shi ba ne.

Ƙasa kanta tana fitar da igiyoyin maikirowef marasa ƙarfi, tauraron ɗan'adam kuma yana kama su, ko da dare, ko da hadari. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ƙwayoyinta sukan warwatsa igiyoyin 37 GHz (GHz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne) fiye da na 19, daga bambancin ne ake ƙiyasta yawan ruwan da ke kwance. Sai dai dusar hawa-hawa take zuba. Ta sama laushi kamar garin tuwo, ta can ƙasa ta zama tsaki, tsakin nan kuwa ya fi watsa igiya, sai 'yar kaɗan ta yi kama da tuli. Shi ya sa muke aiki da MEMLS, lissafin da ke ƙiyasta igiyoyin da dusa mai hawa-hawa ke fitarwa, wanda masana Wiesmann da Mätzler suka fitar a Bern ta Suwizalan a 1999. Kowane hawa sai ka ba shi kaurinsa da nauyinsa da sanyinsa. Da ta fara narkewa kuma, alamar ta ɓace.

Abin dariya, busasshen rairayin hamada ma yakan yaudari na'urar ta ɗauka ƙanƙara ce.

Na taɓa ganin dusar ƙanƙarar ido da ido a dutsen Lauz, yankin Tabuk. Jama'a, ku daina cika baki da hunturun Kano! Na tafi da rigar sanyi guda da na saya a Kantin Kwari, yatsuna suka sandare har biro ya gagare ni. Larabawa na ta ɗaukar hoto, ni ina maƙale da kofin shayi, haƙora na karo. Safa biyu na sa, duk a banza.

Ƙannena masu gudun lissafi, da irin waɗannan igiyoyi ake auna danshin ƙasar noma, kuma kun san yadda damina take mana.

Na yi alkawarin ba ku labarin iƙama, wato takardar izinin zama. Watanni biyu ina jiran sabuntawa, kullum sai "bukra", wato gobe. A gaida su Baba.