Na gaba ne ido: abin da tuƙin kwale-kwale da baƙi ya koya mini a Daɗin Kowa

Mutum biyu da ke cikin kwale-kwale ɗaya ba sa ganin fuskar juna. Sabon shiga yana zaune a goshi ya ba ka baya, kai da ka saba kana gindi riƙe da tuƙi. Harara, ɗaga gira, girgiza kai, nuni da baki, duk waɗannan da muke kammala rabin zance da su a tudu, babu wanda ke aiki a nan. Murya ce kaɗai ta rage, ita ma iska tana cinye rabinta kafin ta isa kunne.

A gidan masunta na tashi, kuma wani ɓangare na sana'ata yanzu shi ne shiga da baƙi cikin madatsar ruwa ta Daɗin Kowa, wadda ke ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kimanin kilomita 37 gabas da birnin Gombe. Gwamnatin tarayya ce ta tare kogin Gongola a nan, aka kammala ginin a 1984. Daga cikinta ake ba Gombe ruwan sha, ana noman rani da ita, kuma an kafa mata injinan lantarki masu ƙarfin megawat 40. Yawancin baƙina ɗalibai ne masu binciken kammala karatu, daga Jami'ar Jihar Gombe, da ta tarayya da ke Kashere, da kwalejin koyon aikin lambu da ke nan garin. Wani ruwa zai ɗiba a kwalabe daga wurare daban-daban, wani zurfi zai auna, wani so yake ya ga inda ake kama ƙarfasa da tarwaɗa da ragon ruwa. Jirgin inji yana shan mai, yana kuma dama laka, ga shi ba ya shiga cikin ciyawa, don haka ƙaramin kwale-kwalen katako muke ɗauka, ni da filafili, baƙona da filafili. Da yawansu ranar ce farkon taka jirgi.

Yawancin maganar a bakin gaɓa nake yin ta, jirgi yana ɗaure. Mutumin da ƙasa ke motsi a ƙarƙashinsa ba ya koyon sabon abu, abin da aka riga aka gaya masa kawai yake iya tunawa, shi ma kaɗan. Ina nuna masa yadda zai shiga: ya sunkuya, hannu bibbiyu a bakin jirgi, ƙafa a tsakiya, ni ina riƙe da jirgin har ya zauna. Ya riƙe filafili hannu ɗaya a kai, ɗaya a wuya. Shi ya tuƙa ta gefe ɗaya, ni ta ɗayan, kuma kada ya sauya gefe sai na ce. Takalmi mai nauyi a cire. Babbar riga a naɗe a bar ta a tudu, dogon hijabi a tattare shi a ɗaure, a ɗora rigar ruwa, wato mai hana nutsewa, a sama a ja igiyoyinta. Ina tambayar kowa ko ya iya ruwa, amma amsar ba ta sauya komai game da rigar.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ba ni aiki a shekarun nan, wanda kuma shi ne dalilin wannan rubutu, tarbiyyarmu ce.

An rene mu a kan cewa yaro ba ya ɗaga wa babba murya, ba ya katse shi, ba ya ba shi umarni. Wannan ado ne a gida, kuma ba na fatan ranar da za mu rasa shi. Sai dai a kwale-kwale na gaba ne ido. Ni da ke baya jikinsa ya tare mini abin da ke gaban jirgi, kuma ko bai tare ba, kututturen da ke taki ɗaya a ƙarƙashin ruwa ba ya ganuwa sai ga wanda ke kusan kansa. Madatsar nan ta shanye gonaki da itatuwa lokacin da aka cika ta, kuma idan ruwa ya ja da rani sai ragowarsu su matso sama. Ga ragar masunta da aka shimfiɗa, da igiyar mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi wadda alamarta ba ta wuce ɗan guntun soso ko gorar roba da ke yawo. Duk wannan yaron da ke gaba ne zai fara gani, kuma shi ne wanda aka koya wa yin shiru a gaban manya.

Wata safiya na shiga da wani ɗalibi mai natsuwa, irin wanda ke durƙusawa idan zai gaishe ka. Muna ratsa wani lungu sai na ga kafaɗunsa sun ɗan ɗaga, filafilinsa ya tsaya a sama. Sannan ya ce, a hankali, "Baffa, don Allah, ban sani ba ko za ka ɗan duba, kamar akwai wani abu a..." Bai ƙarasa ba muka hau. Goshin jirgi ya ɗare kan kututture, gindi ya juya, ruwa ya leƙo ta gefe ya jiƙa takardunsa. Ba mu kife ba, Alhamdulillahi. Yaron ya ga abin da wuri, da isasshen lokacin da zan kauce. Lokacin ya tafi ne wajen neman hanyar da zai gaya wa sa'an mahaifinsa ba tare da ya zama mara kunya ba.

Shi ya sa nake cire wa kowane baƙo wannan nauyin tun a tudu, da bakina, a fili. Nakan ce, "Ɗana, daga nan har mu dawo, babu don Allah, babu Baffa. Ka ga abu, ka faɗi sunansa da gefen da yake, da ƙarfi. Kututture, dama. Raga, hagu. Na yafe maka, kuma idan ka yi shiru ne za ka ɓata mini rai." Sannan in sa shi ya gwada, jirgi yana ɗaure. Na farko yakan fito a shaƙe, da ɗan murmushin kunya. In ce ban ji ba. Sai ya maimaita har muryar ta buɗe. Ɗalibai mata sun fi shan wahalar wannan, domin ga girma ga kuma kasancewata namiji baƙo, don haka nakan ba su wata hanya ƙari: bugu ɗaya da filafili a jikin jirgi na nufin tsaya. Katako yana kai sauti har ƙafata ko da iska ta ɗauke murya.

Na zaɓi ya faɗi inda abin yake ne, ya bar mini shawarar inda za mu bi. Idan mutum ya yi ihu "dama!" kawai, ba ka sani ba ko haɗarin ne a dama ko can yake so ka nufa, kuma waɗannan biyun kishiyoyi ne. Akwai ma waɗanda dama da hagu ke rikice musu da zarar sun tsorata. Irin su nakan ce mu yi amfani da abin da ido ke gani, gefen dutse da gefen gari. Kuma duk da cewa a yankinmu ana jin Tera da Fulatanci, wasu ɗaliban ma Turanci ya fi zama a bakinsu, kalmomin jirgi da Hausa muke yin su, guda biyar ko shida: ja, tsaya, baya, sauya, zauna. Gajeru ne, ba sa kama da juna a kunne.

Matsalar tana da ɗaya fuskar, wadda ta fi mini nauyi a zuciya. Wani lokaci baƙon ne babba: malamin jami'a mai furfura, ko jami'in gwamnati da ya zo duba aiki. Irin waɗannan su ne suka fi yawan miƙewa tsaye, domin su hango nesa ko su ɗauki hoto, kuma ba su saba a ce musu kul ba. A tudu ni mai "ranka ya daɗe" ne a gare su. A ruwa kuwa idan na tsaya jera ladabi, kafin in kai ƙarshen jimla nauyinsa ya riga ya koma gefe ɗaya. Don haka su ma ina neman izininsu tun kafin mu shiga: "Yallaɓai, a cikin ruwa za ka ji na yi maka magana a gajarce, ba raini ba ne, ka gafarce ni tun yanzu." Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba. Kuma ranar da na ce wa wani dattijo "Zauna!" da muryar da ban taɓa yi wa babba ba, ya zauna nan take, domin ya san da zuwanta.

Akwai abin da sabon shiga ke zargin kansa a kai alhali ba laifinsa ba ne. Kwale-kwale ba ya son tafiya a miƙe. Bugun na baya ya fi na gaba ƙarfin juya jirgi, saboda haka idan ina ja ta dama, goshi zai riƙa karkata hagu sai na gyara da ɗan murɗa filafili a ƙarshen kowane ja. Wannan aikina ne. Amma baƙo yana ganin goshi ya kauce sai ya ɗauka shi ya ɓata, ya fara tsallaka filafili daga wannan gefe zuwa wancan yana neman gyarawa, mu biyu mu koma kokawa da juna. Nakan gaya masa tun farko cewa karkatar jirgi ba ruwansa, shi dai ya riƙe bugu ɗaya, ba sauri ba jinkiri. Shi ne ma ke ƙayyade mana saurin tafiya, tunda ni ina ganin hannunsa, shi ba ya ganin nawa. Mutane suna mamaki idan na ce musu ni ne zan bi su. Na lura wannan maganar tana kwantar da hankali fiye da kowane lallashi, domin ta ba mutum aiki nasa na kansa a cikin jirgin.

Shiru na na baya ma magana ce, kuma mummuna. Wanda ba ya ganinka, idan ya daɗe bai ji ka ba, zai cika wurin da zato: ko ya yi kuskure, ko akwai abin da kake ɓoye masa. Sai ya waiwayo, kuma sabon shiga da dukan jikinsa yake waiwaye, jirgi ya tangaɗa. Saboda haka ina sanar da shi duk abin da zan yi kafin in yi. Zan juya mu hagu. Zan matsa in kwashe ruwa, za ka ji motsi. Ga igiyar ruwan jirgin inji tana zuwa, za mu tare ta da goshi, guda uku ce, ci gaba da ja. Tangaɗin da aka gaya maka zuwansa ba ya firgita ka kamar wanda ya zo ba sallama.

Idan tsoro ya riga ya kama mutum kuwa, "kada ka ji tsoro" ba ta da amfani, haka ma "kada ka kama bakin jirgi." Kunnen mai tsoro bakin jirgi kawai yake ji, sai ya damƙe shi ya sandare, kuma sandararren jiki ne ke kifar da kwale-kwale. Abin da zai yi nake gaya masa: sa filafili a ruwa, ja, saki ƙugunka kamar kana kan jaki, kalli wancan tudun. Filafilin da ke cikin ruwa madogara ce. Ina kuma rage muryata maimakon in ɗaga, domin daga sautina yake auna girman haɗarin. Wanda ya fara salati ba na katse shi, tare muke yi, hannu yana aiki.

Dorina tana cikin ruwan nan, manoman garin Hinna da ke kusa sun san ɓarnarta a gonakinsu. Ba na ɓoye wa baƙo wannan, kuma ba na ƙawata labarin. Ina gaya masa abin da zai nema, kunnuwa biyu da hanci a saman ruwa, ko wani huci mai ƙarfi, da abin da zai yi, wato ya faɗa mini gefen ya ci gaba da ja yadda na ce, ba hoto, ba nuni da filafili. Muna ba ta wuri mai faɗi, ba ma shiga tsakaninta da zurfi, kuma a lungunan da na san tana zama nakan riƙa ƙwanƙwasa jirgi don ta san da mu tun daga nesa. Haka nan maganar kifewa, a tudu ake yin ta sau ɗaya a sarari: idan ta faru, ka riƙe jirgin, katako ne, ba kasafai yake nutsewa ba, kada ka nufi gaɓa da iyo, kada ka kama ni. Mutane suna cewa iya ruwa fidda kai, amma wanda ya ɗauko baƙo ba kansa kaɗai zai fitar ba, kuma wanda ya rungume ka a ruwa ya ɗaure hannuwan da za su cece shi.

Magana mafi wuya ita ce "yau ba za mu shiga ba." Ɗalibi ya biyo mota tun asuba daga Gombe, kuɗinsa ƙididdigagge ne, malaminsa ya ba shi wa'adi. Amma da hunturu iskar arewa maso gabas takan tashi da hantsi ta tayar da igiyar ruwa a fili mai faɗi irin wannan, hazo kuma ya ɓoye gaɓa. Da damina hadari daga gabas yake tasowa, iska tana riga ruwan sama isowa, kuma saurinta ya fi na filafili biyu. Ba na ce masa a'a kawai in juya. Ina kai shi bakin ruwa in nuna masa farin kumfa a kan igiyoyin, in nuna masa cewa masunta duk sun jawo jiragensu tudu, in gaya masa ƙarfe nawa zai dawo gobe. Yawanci bayan sallar asuba ne, lokacin da ruwa ke kwance, mu gama ɗibar kwalabensa mu fito kafin ƙarfe 10.