TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 7: BUHUN YASHI DA RUWAN LIMBE

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce mun tsaya inda Kawu ya sa baki, Inna ta haƙura ta sa min albarka akan in je in gwada konkur ɗin BIR, wato jarabawar neman shiga.

Kafin in shiga labarin bari in ɗan yi wa 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar bayani, dan naga wasu na tambaya mene ne BIR ɗin. Runduna ce ta musamman a sojan Kamaru, ta kai ɗaukin gaggawa, a 2001 ta samu wannan sunan, kuma asalin kafa ta saboda zargina ne, 'yan fashin nan masu tare hanya a arewa suna kama 'ya'yan Fulani sai an biya kuɗin fansa. Duk wanda ya taso a Garwa ko Marwa yasan lokacin da mota bata isa ta kama hanyar Kuseri ba sai da rakiyar soja. Wani tsohon kanar ɗan Isra'ila, Avi Sivan, shi ya tsara horon nasu, ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a 2010. Ni lokacin da na nema zancen ya fara canjawa, dan a Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a Dabanga kusa da Waza, kowa yasan Boko Haram ta ƙetaro iyaka.

Dosiye dai, wato takardun neman shiga, ba wani abu bane, takardar haihuwa, CEP wato shaidar gama firamare, shaidar baka taɓa zaman kaso ba, shekarunka tsakanin 18 da 23, babu mata babu ɗa. Wahalar tana ranar gudu.

Tun kafin asuba muka taru, samari ne birjik ko ina ka duba, 'yan acaba, 'yan dako na babbar kasuwa, 'yan ƙwallo, har masu bakaloriya, wato shaidar gama sakandare, da suka rasa aiki. Aka rubuta wa kowa lamba a ƙirji, aka ɗora mana buhun yashi kilo 20, akace kilomita 20 ne, kuma na gaba kawai za'a ɗiba. Wallahi kilomita biyar ɗin farko zakace wasa ne, wasu har ihu suke suna tsere. Daga goma ne abin ke juyewa. Buhun nan ya jiƙe da zufa ya fara cin kafaɗa, in ka maida shi wuya numfashi ya ƙi, in ka rungume shi a ciki ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ga ranar Garwa ta fito, kun dai san ranar Garwa. Akwai wani ɗan kokawa na unguwarmu a Yelwa, ƙato ne wanda kowa ya gama cewa shi kam ya riga ya ci, a gefen hanya na wuce shi zaune akan buhunsa yana amai, ko ɗaga kai bai iya yi ba. Wanda ya wuce ni kuma wani siririn yaro ne ɗan Bororo, ƙafafu kaman sandar kiwo, baya sauri baya tsayawa, idonsa a ƙasa. Na liƙe masa a baya, inda ya cire ƙafa nan nake sawa, da haka Allah ya kai ni.

Da na koma gida Inna ta ga kafaɗata ta saɓule, batace komai ba, ta dafa ruwan zafi ta gasa min ta shafa man kaɗanya. Sai can tace, "Ɗan nan, wannan fa somin taɓi ne ko?" Nace eh Inna. Tace Allah ya tsare.

Bayan gudu sai likita, kuma nan ne ake zubar da mutane shiru babu hayaniya. Tsirara ake duba mutum, ido, haƙori, tafin ƙafa, gwaiwa, hawan jini, sannan a ɗebi jini. Yaran da suka zo gaba gaba a gudu da yawa anan suka tsaya saboda ciwon hanta da basu ma san suna ɗauke da shi ba. Wannan ya fi komai taɓa min zuciya, mutum ya ci ƙarfinsa ya ci ranarsa, a kira shi gefe a miƙa masa takarda. Dan Allah duk yaron da ke da niyyar shiga soja ya fara zuwa asibiti ya gwada jininsa kafin ya sa iyayensa sayar da akuya saboda dosiye.

Mu da muka rage aka kwashe mu zuwa kudu, Man O War Bay kusa da Limbe, bakin teku a gindin Dutsen Kamaru. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Yashin wurin baƙi ne saboda aman wutar dutsen, ruwan sama kuma baya gajiya, ba nisa da nan Debundsha take, ɗaya daga wuraren da suka fi ko ina samun ruwa a duniya. Ɗan arewa da ya saba shanya riga ta bushe kafin ya idar da alwala, ya zo inda kaki ke kwana jiƙe ya wuni jiƙe.

Ranar farko aka aske mu tal, aka karɓe waya, suna ma ya tafi sai lamba. Aka haɗa kowa da binom ɗinsa, wato abokin da ko bayan gida zakaje tare zaku je, in ya yi laifi ku biyu zaku sha, in ya faɗi kai zaka ɗauke shi. Ikon Allah sai aka haɗa ni da yaron nan ɗan Bororo. Shi baya jin Faransanci sosai, ni nake maida masa umarnin sarjan da Fulatanci a hankali, shi kuma ya koya min tafiyar dare, yadda ake sauke ƙafa ba'a taka busasshen itace ba, da gane hanya ko babu wata.

Mutane na zaton horon kwamando harbi ne da faɗa. Akwai su, har sai ka iya kwance bindiga ka haɗa ta ido a rufe, amma bindiga bata kori kowa ba a gabana. Barci ne ke korar mutane, da yunwa, da ƙafa. A tashe ku tsakar dare da usur, minti kaɗan ku fito cikin shiri, a sa ku birgima a taɓo, ku shiga teku da kaya, ku fito a tsaida ku a iska har haƙora su dinga haɗuwa, ku koma ku kwanta kafin ido ya rufu usur ya sake tashi. A haka sarjan zai zo da murya mai sanyi yace duk wanda ya gaji ya fito, babu dole, ga shayi mai zafi ga mota. Kuma da gangan suke yi, so suke mai fita ya fita anan, kada ya je ya fita a dajin Waza ya bar 'yan uwansa da gawa. A lokacin haushin su nake ji har raina, sai da na tsinci kaina a Amchide, kan iyakarmu da Najeriya, na gane gata suka mana.

Ruwa kuwa shi ya kusa raba ni da binom ɗina. Ni na taso ina wanka a Binuwai, na iya iyo daidai gwargwado, shi kuwa ruwan da ya wuce gwiwa shanu kawai yake kora ciki. Ranar da aka jefa mu daga kwale-kwale ya nutse ya taso ya riƙe min wuya da ƙarfin da bansan yana da shi ba, muka sha ruwan gishiri tare har aka jawo mu. Da dare yace min, "Soobajo, gobe zan fita." Soobajo wato aboki da Fulatanci. Nace in ka fita wa zai nuna min hanya a daji? Yayi shiru yana matse ruwa daga safarsa. Da safe da usur ya tashi ya riga ni ɗaura takalmi.

Abin da ya rage shine tattakin ƙarshe, kusan kilomita 400 a ƙafa da kaya a baya, wanda sai ka gama shi ake kiranka kwamando, kuma a hanyar ne farcen ƙafata suka fita. Wannan sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.