Na daina kai Baba asibiti, ashe shi ma ya daina shan magani

Ku da iyayenku suka fara manyanta, ku zo ku ji wautar da na tafka. Da aka gano Baba na da hawan jini, likita ya ɗora shi a kan wani magani mai suna lisinopril, ya ce mu riƙa komawa duk wata 3. Mun je sau biyu, a na ukun na ce kai, wannan layin ba da ni ba, ai maganin dai ɗaya ne, sai na koma ɗaukar tsohon kwali in je kemis in sayo masa. Wai ni nan dabara na yi.

Ashe Baba ya yi watanni bai sha ba. Wani busasshen tari ne ya hana shi barci, ya lura tun da ya fara ƙwayar nan tarin ya zo, sai ya ajiye ta shiru abinsa. Kuma fa ya yi gaskiya, lisinopril na sa wasu irin wannan tarin, abin da likita zai canza masa nan take da mun je. Ni kuwa kullum "Baba kun sha magani?", ya ce "na sha", shikenan na wuce. Sai ranar da jiri ya kusa kayar da shi muka ruga asibiti, nas ta gwada ta ga awon jininsa ya haura 180, alhali daga 140/90 ma an shiga hawan jini. Da muka dawo na tarar da kwalayen da nake saye jere a durowa, ko buɗewa ba a yi ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Hawan jini yawanci ba ya ciwo, mutum na jin kansa garau yana ta ɓarna a zuciya da ƙoda, to wa zai yarda ya yi ta haɗiyar ƙwaya kullum alhali ba abin da ke damunsa? Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2003 ta ce kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka ce musu, a ƙasashen da suka ci gaba ma kenan. Sannan dattijo ba ya son ɗan da ya haifa ya riƙa ba shi umarni, amma in ya ga lamba a jikin na'ura da idonsa, ya san kuma wata 3 za a sake dubawa, sai ka ga ya nutsu.

Don Allah in kun kai iyayenku wurin likita kar ku tsaya a bakin ƙofa kuna danna waya, ku shiga tare da su, ku tafi da duk kwalayen a leda likita ya gani, har wanda suka saya da kansu. Yanzu wani maganin hawan jini mai suna amlodipine Baba ke sha, likita ya faɗa masa ƙafa na iya kumbura, in ta kumbura ya zo ya faɗa kar ya ajiye. Ranar komawa kuwa shi ke tuna min tun saura sati.