Fitilar renon dashena: mako uku ina zargin cok

'Yan uwa masu koyon shuka a cikin ɗaki, assalamu alaikum. Rabona da ba ku labari tun farkon Disamba, lokacin da na zuba irin tumatir da attarugu da latas a faranti uku. Abin da ya ɗauke min hankali tun daga nan fitila ce, kuma na san da yawanku irin tawa kuka saya, shi ya sa zan faɗi yadda ta kaya dalla-dalla.

Ga wanda bai san halin da nake ciki ba, ɗakin haya nake a saman bene a Zariya. Tagar ɗakin da na ware wa shuka tana kallon bangon maƙwabci, ranar da ke leƙowa ba ta kai awa 2 ba. Don haka na sayi fitilar sodiyam mai wat 250, irin mai hasken ruwan ɗorawan nan da aka saba gani a kan titi. Tunda aka koma LED da sola a tituna, kayanta sun yi araha a layin masu kayan wuta. Abin da aka ba ni shi ne ƙwai, da babbar holda E40, da akwatin ƙarfe mai abu uku a ciki: cok, da iginita, da kondansa.

Sai da na sha wuya na fahimci aikin kowanne, kuma da na san shi tun farko da ban ɓata mako uku ba. Wannan ƙwan ba shi da siririyar wayar nan da ke yin ja a cikin ƙwan gida. Wani ƙaramin bututu ne a cikinsa mai iska da sodiyam da zaiba, wuta ce ke tsallakawa daga wannan baki zuwa wancan. Kafin ta tsallaka sai an yi mata bugu na dubban bolt, aikin iginita ke nan. Da zarar ta kama kuma ba ta san ya isa ba, za ta yi ta jan wuta har ƙwan ya lalace. Cok shi ne linzaminta. Naɗin waya ne kawai a jikin ƙarfe, yana riƙe wutar a wajen amfiya 3, ƙwan kuma ya zauna a wajen bolt 100. Kondansa zan zo kanta.

Kwana 10 na farko lafiya lau. In na kunna sai ƙwan ya fara da wani fari-fari mai dishi-dishi, cikin minti 4 zuwa 5 ya cika ya koma ruwan zinare. Latas ya fito, tumatir ya biyo baya. A rana ta 11, bayan sallar magariba, ina zaune sai ɗakin ya yi duhu alhali fankar falo tana juyawa. Bayan kamar minti 1 ta sake kamawa da kanta, ta yi zafi, ta cika, ta sake mutuwa. Haka ta yi ta yi har wajen ƙarfe 10 na dare. Washegari da safe kuwa ko gezau, ta wuni tana ci.

Nan take zuciyata ta tafi kan cok. Shi ne mai gurnani, shi ne mai zafin da ba ka iya barin hannu a kansa, kuma da na ɗaga shi na ji bai kai nauyin wanda na taɓa riƙewa a shagon wani ba. Araha ba ta ado, na ce, jabu aka ba ni.

Kafin in ci gaba, don Allah ku riƙe wannan. Ba a taɓa cikin akwatin nan sai an zare fulogi daga bango, kashe makunni bai wadatar ba. Kondansa tana iya riƙe wuta bayan an zare, sai an jira sannan an auna bakinta an ga babu komai. Kada kuma wanda ya kuskura ya sa tsinken mita a cikin holda alhali iginita na haɗe: bugun da take yi zai ƙona mitar, in ma bai sami mai riƙe da ita ba. Jikin akwatin da murfin fitilar a haɗa su da wayar ƙasa, domin muna aiki ne da ruwan ban shuka a gefe. Wanda bai saba da wuta ba ya kira mai gyara ya tsaya a kansa yana kallo, nan ma koyo ne.

Da na buɗe akwatin, abin da idona ya fara gani kondansa ce, kanta ya ɗan kumbura. A jikinta an rubuta 32µF, wato ma'aunin wutar da take iya riƙewa, mita kuwa ta nuna 11. Na yi murna, na ce ga ɓarawon. Na fita nema, aka yi ta miƙo min irin ta fanka, wadda ba ta wuce 2.5 ba, ina mayarwa, har na sami daidai lambar. Na ɗaura. Da magariba ta yi, fitila ta ci gaba da mutuwa tana tashi kamar ban taɓa komai ba.

Sai da na zauna na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya na gane dalili. A irin wannan haɗin, kondansa ba a kan hanyar ƙwai take ba. Tsakanin wayar wuta da nutural aka gicciya ta, tun kafin a kai ga cok. Ko an cire ta gaba ɗaya ƙwan zai kama. Aikinta rage nauyin da cok ke ɗora wa layi: in babu ita akwatin zai ja wajen amfiya 3 daga bango, in tana da lafiya bai fi 1.4 ba. To a nan na sami amsar wata tambayar da ban ma haɗa ta da fitila ba. Ƙaramin janaretona ya kasance yana nishi yana neman mutuwa duk lokacin da na ɗora masa fitilar, ina ganin laifin kabureta ne. Da sabuwar kondansa ya ɗauke ta ba gardama. Kuɗina bai faɗi a banza ba ke nan, amma ciwon da nake nema yana nan.

Daga nan na gwada cok ɗin yadda ya kamata. Ba wuta, na auna bakinsa biyu, ya nuna ohm kaɗan, wato wayar ba ta tsinke ba. Tsakanin wayar da ƙarfen jikinsa kuma babu haɗi ko kaɗan. Na cire iginita gaba ɗaya, na sa tsohon ƙwan gida mai wat 100 a madadin na sodiyam, ya kama. Da na mayar da komai, na aro mitar nan mai baki da ake matse waya da ita, na matse wayar da ke fita daga cok da safe bayan fitila ta cika: amfiya 3 da ɗan ɗoriya. Duk inda na taɓa shi sai ya fita fes. Duk da haka ban daina zarginsa ba, don na riga na yanke masa hukunci a raina.

Abin da ya juya min tunani littafi ne da biro. Na ce bari in riƙa auna wutar soket ina rubutawa tare da lokacin da fitilar ke mutuwa. Kwana 5 na yi. Da safe 221 zuwa 226. Da azahar wajen 212. Daga magariba, lokacin da kowane gida a layinmu ya kunna hita da risho na lantarki saboda sanyi, sai ta gangaro 185, wani dare har 174. Duk mutuwar da fitilar ta yi a kwanakin nan, babu wadda ta faru wuta tana sama da 190. A jikin cok kuwa an rubuta 230V 50Hz, ma'aunin wutar ƙasarmu ke nan a takarda.

Ga yadda abin yake. Wutar da ke cikin bututun nan tana mutuwa tana sake kamawa sau 100 a kowace daƙiƙa, ido ne ba ya gani. Kowace sake kamawa tana buƙatar ƙarfin layi ya ɗara abin da ƙwan ke nema da tazara mai kyau. Ƙwan da bai yi zafi ba wuta kaɗan yake nema, shi ya sa yake kamawa ko wuta ba ƙarfi. Yana yin zafi buƙatarsa na hawa, har ta kai inda layi ya kasa, sai ya mutu. Ya huce, iginita ta buga, ya sake kamawa. Irin wannan cok ɗin ba shi da dabarar ƙara wuta, abin da aka ba shi kawai yake ragewa.

Akwai kuma rabon ƙwan a ciki. Da na fito da shi na duba a rana, bakin bututun ciki duka biyu ya yi baƙi. Ba sabo ba ne, an goge shi ne aka sa a kwali. Ƙwan sodiyam yana tsufa bolt ɗin da yake nema na ƙaruwa, kuma wannan mutuwa da tashi ita ce sananniyar alamar tsufansa, kun sha ganinta a fitilun titi. Tsohon ƙwai ya gamu da raunin wuta, shi ke nan. Na sayi sabo, na sa sitabilaizar da nake amfani da ita a firij. Tsohon na naɗe shi a kwali na ajiye inda yara ba za su kai ba, saboda zaibar da ke ciki bai kamata a fasa shi a bola ba. Dare 4 a jere ba ta mutu ba, ban da sau ɗaya da sitabilaizar ta yi ƙaras tana canza mataki, ɗan yankewar nan ta kashe ta.

Na ɗauka an gama. Sai na jawo wa kaina sabuwa. Gurnanin cok yana hana maiɗakina barci, ga zafinsa yana busar da farantin da ke kusa da shi. Na fitar da akwatin baranda, na ja waya mai tsawon mita 5 zuwa holda. Na kunna. Gurnani yana nan, iginita tana ƙyas-ƙyas, ƙwai ko ƙyaftawa. Na sake ɗaurin wayoyi sau biyu, na mayar da tsohon ƙwan, shiru. Kwana 3 dashen ba su ga haske ba sai ɗan na taga, tumatir suka miƙe suka yi siriri suna karkata wajen tagar. Ganinsu haka ya fi komai ci min rai.

Na ɗauki akwatin na kai wa wani dattijo mai gyaran wuta a unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana aikin fitilun titi. Ya haɗa a kan teburinsa da guntuwar waya, ƙwai ya kama nan take. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a gida wayarka ta kai nawa?" Na ce, "Baba, mita 5 ce." Ya juyo da iginitar ya nuna min wani ɗan rubutu a gefenta da ban taɓa kula da shi ba. Ya ce irin wannan mai baki uku ba ta son nisa da ƙwai, in ya wuce mita 1 da rabi zuwa 2 doguwar waya tana shanye bugun kafin ya isa. "Cok ka kai shi duk inda ka ga dama," in ji shi, "amma ita wannan a kan ƙwai take kwana." Ya kuma taɓa kanektar da ke bakin cok, robarta ta yi ruwan ƙasa, kusar ta saki. Ya canza min da ta tangaran, ya ɗaure tam.

Game da cok ɗin, ya auna shi a hannu ya kankare bakin wayar da wuƙa, ta fito fara. Alminiyam ce, ba jan ƙarfe ba, shi ya sa ba nauyi. Ya ce zai yi aiki, sai dai a kula da ɗaurin bakinsa domin alminiyam tana saki, kuma kada a ɗaure shi a kan katako. Yanzu yana baranda a kan tayil, da guntun robar taya a ƙarƙashin kusoshinsa, gurnanin ya ragu sosai. Iginita kuma na sa ta a ƙaramin akwatin ƙarfe a gefen murfin fitila, wayar da ke tsakaninta da holda ba ta kai kamu 2 ba.

Yau kwana 9 ke nan tana kamawa a bugun farko. Ina ba su awa 14 in wuta ta samu, ƙwan yana santimita 60 sama da ganye, in na sa bayan hannuna a wurin ina jin ɗumi ba ƙuna ba. Latas ya fi kowa farfaɗowa. Attarugu dama ba ya gaggawa, ya fitar da ganye na huɗu. Tumatir da suka yi tsawo na sauya musu mazubi na binne karan har kusa da ganyen farko, tunda tumatir yana fitar da saiwa a jikin kara. Cikin 24, guda 19 sun tsaya da ƙafarsu.

In wani zai tambaye ni ko ya sayi irin wannan fitilar, zan ce ya yi lissafi tukuna. Haɗe da wutar da cok ke ci, tana cin wajen wat 280, awa 14 ke nan kusan yunit 4 a mita kowace rana. Haskenta kuma ya karkata ga ja da ɗorawa, shuɗin da ke sa dashe ya yi gajere ya yi kauri kaɗan ne a ciki. Yanzu da ake hunturu zafinta alheri ne ga ɗakin, amma ban ga yadda latas zai jure ta a watan Maris ba. Na fara tara kuɗin LED don renon bazara, ita kuma wannan zan bar ta wa tumatir idan sun fara fure.

Abin da ya rage min a wannan makon agogon kunnawa ne. Wanda nake da shi ƙarami ne, kuma Baba ya gargaɗe ni cewa tartsatsin da cok ke yi lokacin yankewa yana liƙe bakin irinsu, wata rana a tashi a tarar fitila ta kwana tana ci. Ya ce in kawo kwantakta, wato makunni mai ƙarfi da wuta ke motsawa, ranar Asabar ya nuna min yadda ake haɗa ta, agogo ya riƙa ba ta umarni ita kuma ta ɗauki nauyin. Kafin nan da hannu nake kunnawa bayan asuba, in kashe bayan isha'i.