Mary Sibley ta hana ni sakat

Asabar. Wanki da safe, guga, sannan na raka Auta gyaran waya, mai gyaran bai fito ba muka dawo. Bayan la'asar Yaya ta ce mu ɗauko Salem, shirin talabijin na labarin mayu, daga farko, tunda rannan a tsakiya ta tarar da ni ba ta gane inda aka dosa ba. Da murna na kunna mana.

Kashi na farko kaɗai muka kalla, amma ga shi dare ya raba zancen bai bar ni ba.

Mary na ɗauke da ciki ba aure, masoyinta John Alden ya tafi yaƙi bai sani ba. George Sibley na tsaye a dandalin gari ana ɗora wa Isaac jan ƙarfe a goshi saboda irin laifin da ita ma take ɓoyewa a ƙarƙashin rigarta, tana cikin taron tana kallo. Ƙawarta Tituba, wata mayya, ta ja ta daji da dare, aka ba Shaiɗan cikin. Bayan shekara bakwai ita ce matar George, garin duk a tafin hannunta, shi kuwa yana kan keken guragu, ta cusa masa kwaɗo a maƙogwaro, ba baki, sai idanu da ke bin ta duk inda ta juya a ɗakin.

Yaya ta ce, "Wallahi ban ga laifinta ba. Mutumin da ya ƙona goshin yaro, ai kaɗan ya gani."

Na ce, "To Yaya, Giles Corey fa? Sirrinta kawai ya sani, ta sa aka danne shi da duwatsu."

"Ke dai ba ki san tura ta kai bango ba. Da ya tona ta, ita za a rataye."

Na yi shiru, don ni ma zuciyata na wajen Mary. Duk lokacin da ta kaɗaice ta tuna John, sai in ji ina so ta tsira, alhali na san shirinta: ta sa mutanen gari su riƙa kashe marasa laifi da hannunsu, suna zaton mayu suke kamawa.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Giles Corey mutum ne na gaske. A Salem ta jihar Massachusetts a Amurka, cikin watan Satumba na 1692, an jibga wa tsohon duwatsu a ƙirji har ya cika saboda ya ƙi amsa tuhuma a kotu. Mutum 19 aka rataye, mata 14, maza 5, an zargi fiye da 200. Rebecca Nurse na da shekara 71, maƙwabta 39 suka sa hannu suna shaidar halinta, masu yanke hukunci ma da farko sun wanke ta. 'Yan matan da ke zarginta suka ɓarke da ihu, aka sake zama, aka rataye ta a watan Yuli. Babu mayya ko ɗaya a cikinsu. Shirin kuwa ya ce akwai mayu a garin da gaske, kamar masu zargin suna da hujja, kuskuren kamu kawai suka yi. Wannan ya yi mini ciwo.

Ita ma Mary Sibley ta gaske maƙwabciya ce kawai. Shawara ta ba bayin gidan Fasto Samuel Parris su kwaɓa gari da fitsarin yaran da ke ciwo, su gasa a ba kare, wai don a gano mai maitar. Parris ya yi mata faɗa a gaban jama'ar coci, ta nemi gafara. Iyakar labarinta ke nan, aka ɗauki sunanta aka naɗa ta sarauniyar mayu.

Yaya ta ce, "Shirin talabijin ne fa, ba darasin tarihi ba."

Na ce na sani, amma da sun sauya sunayen da ban damu ba. Waɗannan mutanen suna da jikoki har yau.

Ta miƙe ta ce gobe kashi na biyu, kar in kalla ba ita. Na ce to.

Umma ta kira wajen tara, ƙafar da sauƙi, ta fara takawa ba sanda.